Ra'ayinmu: Ga Suna, Ga Dukiya, Ina Kwanciyar Rai?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci zukata, ya kuma san abin da ke natsar da su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ke zaune a Arkilla ko Gwiwa ko Kalambaina, ko yake bin hanyar Dundaye zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba ya bukatar a ba shi labarin irin karɓuwar da waƙar gambarar zamani ta samu a wurin samarinmu. Tana cikin wayoyinsu, tana tashi a shagon aski da rumfar cajin waya da matsayar 'yan kabu-kabu. Da yawa daga cikinsu kuma sun wuce matsayin masu sauraro. Suna rubuta baitoci, suna tara ɗan abin da suka samu su kai wa mai haɗa kiɗa, su ɗora a TikTok da YouTube, sannan su kwana suna ƙirga mutum nawa suka kalla. Idan ka zaunar da ɗayansu ka tambaye shi abin da yake nema, zai ce maka yana so a san shi, domin in an san shi zai yi kuɗi, in ya yi kuɗi kuma zai huta.

Wannan lissafi shi ne muke so mu ɗora a kan ma'auni a wannan wata. Hukuncin kiɗa malamanmu sun sha bayaninsa a kan mumbari da majalisun karatu, mai neman sani ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Tambayarmu a nan ita ce: shin wannan hanya tana kai mai binta inda ya nufa? Hausawa sun ce daga na gaba ake gane zurfin ruwa. To, akwai waɗanda suka riga 'ya'yanmu shiga wannan kogi a ƙasar da aka haifi sana'ar, wato Amurka, suka kai tsakiyarsa, suka fito suka ba da labari. Ya kamata a saurare su.

Na farko shi ne Mutah Beale, wanda duniyar waƙa ta sani da laƙabin Napoleon. An haife shi a shekarar 1977 a jihar New Jersey. Iyayensa Musulmi ne, amma an kashe su yana ɗan shekara 3, ya tashi bai san addininsu ba. Yana saurayi ya shiga ƙungiyar Outlawz ta Tupac Shakur, mawaƙin da har gobe ake manna hotonsa a shagunan garuruwanmu. A watan Satumba na 1996 aka harbe Tupac a birnin Las Vegas, ya mutu yana da shekara 25. Bayan wata 2 aka harbe wani ɗan ƙungiyar, Yaki Kadafi, abokin Beale tun na ƙuruciya, yana da shekara 19. A watan Maris na 1997 kuma aka harbe babban abokin hamayyar Tupac, wanda ake kira Biggie, yana da shekara 24. Beale ya ci gaba da waƙa, ya mallaki gidaje da motoci, ya samu duk abin da saurayin Arkilla ke mafarki. Abin da ya riƙa faɗa daga baya a laccocinsa ga matasa shi ne, a tsawon wannan lokaci zuciyarsa cike take da fushi da ƙunci, giya ce abokiyar hirarsa, kuma duk abin da ya saya bai rage masa komai daga wannan nauyi ba. A shekarar 2001 ya karɓi Musulunci, daga baya ya bar waƙa baki ɗaya, ya koma ƙasar Saudiyya da zama.

Na biyu shi ne Chauncey Hawkins, mai laƙabin Loon, ɗan unguwar Harlem ta birnin New York. Ya yi tashe a shekarun 2002 da 2003 a ƙarƙashin kamfanin Bad Boy na Sean Combs, wanda a lokacin yana cikin manyan attajiran wannan sana'a. A ƙarshen 2008, yana birnin Abu Dhabi, Allah ya buɗe ƙirjinsa ya musulunta, ya ɗauki sunan Amir Junaid Muhadith, ya ajiye waƙa ya kama neman ilimi. Shi ma maganarsa ɗaya ce da ta Beale: natsuwar da ya daɗe yana nema a cikin kuɗi da tafin jama'a bai same ta ba sai da ya sa goshinsa a ƙasa. Amma a lura da abin da ya biyo baya, domin a nan darasin ya fi nauyi. A 2011 aka kama shi a ƙasar Beljiyam bisa wani laifi na safarar miyagun ƙwayoyi da ya shafi rayuwarsa ta kafin Musulunci. A 2013 wata kotun Amurka ta yanke masa shekara 14, bai fito ba sai a watan Yuli na 2020. Tuba tana shafe zunubi a wurin Allah, amma abin da mutum ya shuka a cikin mutane yakan biyo shi har gida. Ya shiga kurkuku da addininsa, ya fito da shi. Shi kuwa tsohon ubangidansa, mai jiragen sama da manyan gidaje, an kama shi a watan Satumba na 2024, kuma a watan Oktoba na 2025 kotu ta yanke masa wata 50 a gidan yari. Ba ma murna da musibar kowa, muna roƙa masa shiriya kamar yadda muke roƙa wa kanmu. Sai dai mai hankali ya dubi mutanen nan biyu ya yi wa kansa hisabi.

Hatta dukiyar da ake nunawa a cikin hotunan waƙoƙin nan, wadda ke ɗauke hankalin yaranmu, mafi yawanta ado ne na kasuwa. Al'adar kamfanonin waƙa ita ce su ba mawaƙi kuɗi masu kauri tun farko, yaro ya ɗauka kyauta ce, alhali bashi ne da za a cire daga cinikinsa kafin ya ga ko sisi. MC Hammer, wanda ya sayar da miliyoyin faifai a farkon shekarun 1990, ya je kotu a 1996 ya bayyana cewa ya karye, ana bin sa fiye da dala miliyan 13. A 2015 mawaƙin nan 50 Cent ya shaida wa kotu cewa motoci da sarƙoƙin da ake ganinsa da su na nuni ne, ana mayar da su inda aka ɗauko, a 2016 kuma ya ce damman kuɗin da yake ɗaukar hoto da su na bogi ne. Subhanallahi! Yaro a Gumbi ya raina garmar ubansa saboda takardun da ko mai su ya ce ba kuɗi ba ne.

Ya 'yan'uwa, ba mu kawo waɗannan labarai don addininmu yana jiran shaidar wani mawaƙi kafin ya zama gaskiya ba. Abin da suka gano bayan sun ƙone ƙuruciyarsu, ɗalibin Islamiyya yana karanta shi a shekararsa ta farko. A Suratur Ra'adi, aya ta 28, Allah (S.W.T.) ya sanar da mu cewa ambatonsa ne ke natsar da zukata. A Suratu Ɗaha, aya ta 124, ya yi wa wanda ya juya wa ambatonsa baya alkawarin rayuwa mai ƙunci, kuma malaman tafsiri sun yi bayanin cewa wannan ƙunci yana samun mutum ko da yana kwance a kan dukiya. A Suratun Nahli, aya ta 97, ya yi wa mumini mai aikin ƙwarai, namiji ko mace, alkawarin rayuwa mai daɗi, wadda da yawa daga magabata suka fassara da ƙana'a, wato wadar zuci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) hadisin da ke nuna cewa wadata ta haƙiƙa tana cikin rai, yawan tarkace ba ya samar da ita. Sun kuma ruwaito wanda ke nuna cewa da ɗan Adam zai mallaki kwari guda na dukiya sai ya nemi na biyu, kuma ƙasa ce kaɗai ke cika cikinsa.

Akwai kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Ka'abu bin Malik (R.A.), wanda ya haɗa cututtukan nan biyu a wuri ɗaya. A cikinsa Manzon Allah (S.A.W.) ya kwatanta kwaɗayin dukiya da kwaɗayin ɗaukaka da kyarkeci biyu masu jin yunwa da aka saka cikin garken tumaki, ya nuna cewa ɓarnar da kwaɗayin nan ke yi wa addinin mutum ba ta gaza tasu ba. Alhafiz Ibnu Rajab ya rubuta risala sukutum a kan sharhin wannan hadisi. Sirrin al'amarin shi ne, mai neman suna ya ɗauki kwanciyar ransa ya damƙa ta a hannun jama'a, su kuwa jama'a ba su da alƙibla ɗaya. Yau su ɗaga ka, gobe wani yaro ya fito da sabon salo su manta da kai. Wanda farin cikinsa ke hawa da sauka tare da adadin masu kallonsa, bawa ne ga dubban iyayengiji waɗanda bai san fuskarsu ba. Tauhidi kuwa ya zo ne domin ya 'yanta bawa daga wannan, ya bar shi da Ubangiji ɗaya wanda ake iya samun yardarsa, kuma ba ya mantuwa.

Mu mutanen wannan ƙasa ba baƙi ba ne ga wannan darasi. A wajen shekarar 1807, jihadi na tsaka da samun nasara, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya dubi yadda son mulki da tara dukiya da kaɗe-kaɗe suka fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami ya kuma karantar da su tafsiri, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati. Mutumin da ake kai wa ɗaukaka har ƙofar gida, ga shi yana gudunta saboda tsoron abin da za ta yi wa zuciyarsa. Mu kuwa jikokinsu muna sayar da akuyar gida domin mu sayi mabiya a intanet.

To amma adalci ya wajaba, ko da a kan abin da muke ƙi ne. Wa'azin wadar zuci yana da sauƙi a bakin wanda ya ƙoshi. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 a kan talauci mai fuskoki da yawa ya sa Jihar Sakkwato a kan gaba, da kashi 91 cikin 100 na mutanenta. Saurayin da ya gama sakandare ko jami'a ya shekara biyar yana zaga ofisoshi da takardu, yana kallon manyan motoci na fita daga kamfanin siminti na Kalambaina shi ko kuɗin kabu-kabu ba shi da su, idan ya ce yana son kuɗi bai yi saɓo ba. Musulunci bai taɓa yabon fatara ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya nemi tsari daga talauci da bashi, kuma Usmanu bin Affan da Abdurrahman bin Auf (R.A.) attajirai ne da aka yi wa bushara da Aljanna. Bambancinsu da Ƙaruna, wanda Suratul Ƙasasi ta ba mu labarinsa, shi ne dukiyarsu tana hannunsu, tasa kuwa tana cikin zuciyarsa. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya kwatanta mai wadata da wanda aka tattara wa duniya, abubuwa uku aka ambata: aminci a gida, lafiyar jiki, da abincin yini. Duk ukun nan abubuwa ne da al'umma ke da alhakin taimaka wa ɗanta ya samu. Wanda ya ce wa yaro ya bar gambara bai nuna masa inda zai ci abinci ba, ya yi rabin aiki ne.

Haka nan kada mu ɗauka cewa cutar son a sani ta tsaya a kan masu sarƙa a wuya. Imamu Muslim ya ruwaito hadisin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama a jefa su wuta, wal'iyazu billahi. Babu mawaƙi a cikinsu. Akwai wanda aka kashe a fagen fama, da wanda ya yi ilimi ya karanta Alƙur'ani, da mai kyautar dukiya, kowannensu ya yi ne domin a faɗa, kuma an faɗa. Saboda haka muna jan hankalin masu wa'azi da alarammomi da ɗaliban ilimi, musamman a wannan zamani da kowane karatu ke da na'urar ɗaukar hoto a gabansa. Mai wa'azin da ke zaɓen maudu'i saboda shi ne zai ja 'yan kallo, ko yake zagin ɗan'uwansa malami domin a yaɗa, ko yake sassauta harshe saboda ambulan ɗin ɗan siyasa, kyarkecin da ke cin mawaƙi shi ne ke cinsa, rawani ne kawai ya bambanta su. Kuma samarin nan suna gani. Ba za su karɓi wa'azin zuhudu daga bakin wanda suka ga yana tsere da su a kan abin da yake hana su ba.

Saura tambaya ta aiki: yaya za mu yi da waɗannan 'ya'ya namu? An gwada hani da ƙarfin hukuma. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka da ke aiki da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta haramta waƙoƙi 11, amma waƙoƙin suka ci gaba da yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth. In haka ta faru a wancan lokaci, ina ga yau da kowane yaro ke da gidan rediyonsa a aljihu? Hukuma tana da nata aikin wajen tsare tarbiyya, ba mu musa ba, amma doka ba ta shiga inda ƙishirwar take.

Magabata sun bar mana wata hanya. Malaman tarihi, cikinsu har da Ibnu Ƙudama a littafinsa na masu tuba, sun kawo labarin Zazan, wani saurayi mai zaƙin murya a Kufa, wanda ke waƙa da kiɗa a cikin abokan shaye-shayensa. Abdullahi bin Mas'ud (R.A.) ya biyo ta wurin, ya yi inkarin abin da ya gani, sannan ya yaba muryar yaron, ya nuna cewa da Alƙur'ani ake karantawa da ita da ta dace. Wannan kalma ta shiga zuciyar Zazan, ya bi shi yana kuka, Ibnu Mas'ud ya rungume shi. Zazan ya zama ɗaya daga cikin malaman tabi'ai masu ruwaito hadisi. Sahabin nan bai yi shiru a kan munkari ba, kuma bai rufe ido daga baiwar da Allah ya yi wa mai munkarin ba. Haka Manzon Allah (S.A.W.) ya karɓi Ka'abu bin Zuhair, mawaƙin da ya taɓa yi masa zambo, lokacin da ya zo yana mai tuba.

Fasahar harshe ni'ima ce, kuma wannan ƙasa da ita aka gyara ta. Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u duk sun yi waƙoƙi, wasu da Larabci, wasu da Fulatanci, wasu da Hausa, da su aka kai tauhidi da fiƙihu rugage da ƙauyuka, da su 'Yan Taru suka karantar da mata a cikin gidajensu. Yaron da zai iya jera baiti 40 masu amsa-amo a kansa ba tare da takarda ba, jikan wannan gado ne da ya ɓata hanya. Wasunsu ma idan ka saurari abin da suke faɗa, kukan rashin aiki ne da cin hanci da zaluncin shugabanni, abin da mu ma muke faɗa a kan mumbari.

Don haka muna kira ga rassanmu na Wamakko da kewaye da su ɗauki matakai bayyanannu. Na ɗaya, kowane masallaci ya san samarin unguwarsa da sunayensu, har da masu kitso a ka da yagaggen wando, kuma kada a kori wanda ya shigo sahu saboda kamanninsa. Na biyu, makarantunmu na Islamiyya da na dare su buɗe darasin rubutacciyar waƙa da aruli da balaga, a riƙa shirya gasa kamar yadda ake shirya musabaƙar Alƙur'ani, domin mai baiwa ya samu fili na halal. Na uku, 'yan kasuwa da masu sana'a daga cikin 'yan'uwa, teloli da kafintoci da masu gyaran waya da masu noman albasa da shinkafa a fadamun gulbi, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu ya koya musu, kuma kwamitocin zakka da waƙafi su sa jarin matasa a cikin lissafinsu. Na huɗu, iyaye su zauna da 'ya'yansu su ji abin da ke cikin waƙoƙin da suke rubutawa, domin sau da yawa abin da yaro ya kasa faɗa wa ubansa shi yake faɗa wa duniya.

Kai kuma ɗanmu, ƙanenmu, mai riƙe da alƙalami da waya, ba ma raina baiwarka, kuma ba ma so ka mutu da talauci. Muna so ka yi lissafi irin na ɗan kasuwa. A cikin dubban da suka shiga wannan hanya, kaɗan ne suka yi suna. A cikin waɗanda suka yi suna, kaɗan ne suka riƙe dukiya. A cikin waɗanda suka haɗa biyun, ga wasu sun dawo suna gaya maka cewa abin da suka je nema ba ya can. Su sai da suka bi ta kan gawawwakin abokai da kwalaben giya da ƙofar kurkuku kafin su iso ga kalmar shahada. Kai kuwa an yi maka kiran salla a kunne tun ranar da aka haife ka, kana kwana kana tashi a garin da Shehu yake kwance. Abin da suka saya da tsada kai gado ka same shi, kada ka sayar da shi da araha. Nemi halal da ƙarfinka, ka riƙe sallolinka biyar a cikin jama'a, ka nemi albarkar mahaifanka, ka sa harshenka inda ba za ka ji kunyar a karanta maka shi ranar da za a buɗe littattafai ba.

Allah muke roƙo ya shiryi matasanmu, ya buɗa musu ƙofofin arziki na halal, ya tabbatar da waɗanda suka tuba a kan tubarsu. Ya tsare malamanmu da mu baki ɗaya daga riya da son a ji, ya sanya duniya a hannunmu, kada ya sanya ta a zukatanmu. Ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.